Aikatau "Say" da 'Yan'uwansa a Harshen Turanci: Ma'anoni da Yadda Ake Amfani da Su

Gabatarwa

Daga cikin kalmomin Turanci da yaro yake fara cin karo da su tun yana firamare akwai kalmar "say". Haruffanta uku ne kacal, kuma ana ɗaukar ma'anarta a fili take, wato "ce". Wannan sauƙi da ake ganin tana da shi ne ya sa ba a cika tsayawa a koyar da ita ba, har ɗalibi ya kai ajin ƙarshe na sakandare yana rubuta "He said me" ko "She told that". Kowane irin wannan kuskure maki ne yake zubewa a jarrabawar WAEC da ta NECO, ga shi kuma ba a samun shiga jami'a a Nijeriya sai da kyakkyawan sakamako a Turanci.

Ita kuwa wannan kalma ba ta kaucewa. A wani ƙidaya da masu ƙamusun Oxford suka yi a kan tarin rubuce-rubucen Turanci na zamani, sun tarar "say" ita ce ta huɗu a jerin aikatau da aka fi amfani da su, bayan "be" da "have" da "do". 'Yar'uwarta "tell" ma tana cikin ashirin na farko. Wannan darasi zai duba asalin kalmar, da furucinta, da ma'anoninta, sannan ya bambanta ta da "tell" da "speak" da "talk", waɗanda su ne ɗalibai suka fi rikita ta da su.

Asalin Kalmomin

A ƙarni na 5 Miladiyya ne wasu ƙabilu daga arewacin Jamus da ƙasar Denmak suka ƙetara teku suka zauna a Ingila, kuma harshensu ne ya zama Tsohon Turanci. A wannan harshe "secgan" ake cewa, shuɗaɗɗen lokacinta kuma "sægde". Da tafiya ta yi tafiya baƙin da ke tsakiya ya yi laushi ya saje da wasali, kamar yadda "dæg" ta koma "day", "weg" ta koma "way". Har yanzu Jamusawa "sagen" suke cewa. Daga wannan tushe ne kuma aka sami "saga", sunan dogayen labaran jaruntaka da mutanen tsibirin Aisland suka rubuta, galibinsu a ƙarni na 13.

Tarihin "tell" ya fi ban sha'awa. A Tsohon Turanci "tellan" tana nufin ƙirgawa da jera abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma daga jera abubuwa aka gangaro zuwa jera labari. Tsohuwar ma'anar ba ta ɓace ba. Ma'aikacin banki mai ƙirga kuɗi "teller" ake kiran sa, ko da yake a Nijeriya sunan ya koma har kan takardar da ake cikewa wajen zuba kuɗi. Haka nan 'yan majalisar da suke ƙirga ƙuri'u a Majalisar Dokokin Birtaniya. Idan Bature ya ce "all told", yana nufin jimilla. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin shi ma yakan ce wane ya lissafa abin da ya faru, alhali ba lambobi aka haɗa ba.

Furuci

Kafin a shiga ma'ana, akwai tarko a furuci. Ana furta "say" kamar "sei". Amma idan aka ƙara mata harafin s ta zama "says", sai wasalin ya gajarce, a furta ta "sez". Haka "said" ana furta ta "sed", ta yi amo ɗaya da "bed" da "red" da "head". Abin da yake ruɗin ɗalibi shi ne sauran kalmomi masu irin wannan rubutu ba su yi haka ba: "pays" da "days" sun riƙe dogon wasalinsu, "paid" da "laid" kuma amonsu ɗaya da "made". Irin wannan saɓani tsakanin rubutu da furuci shi ne abin da ake gwada ɗalibai da shi a sashen furuci na jarrabawar Turanci. A kuma tuna cewa ba a furta harafin l a "talk", daidai da "walk" da "chalk".

Ma'anonin "Say"

Ma'ana ta farko ita ce furta kalmomi da baki. Abin da yake biyo bayanta kai-tsaye shi ne maganar da aka yi.

Binta said, "I am tired." Binta ta ce, "Na gaji."
He said nothing. Bai ce komai ba.

Da wannan ma'ana ake haɗa ta da gajerun kalmomin gaisuwa da ladabi: "say hello", "say goodbye", "say sorry", "say thank you". Da ita kuma ake nuna karanto abin da aka haddace, kamar "say your prayers".

Ma'ana ta biyu ita ce abin da rubutu ko na'ura take nunawa. A Turanci takarda tana "cewa", allon sanarwa yana "cewa", har ma agogo da ma'aunin zafi.

The label says 500 milligrams. An rubuta miligiram 500 a jikin kwalbar.
The clock says ten. Agogo ya nuna ƙarfe goma.

Ma'ana ta uku ita ce ra'ayi ko hasashe. "I would say he is forty" na nufin a ganin mai magana mutumin zai kai shekara 40, ba tare da tabbas ba. Wanda ya ce "It is hard to say" yana nufin abin da wuyar yanke hukunci.

Ma'ana ta huɗu ita ce ƙaddarawa ko kawo misali, kuma ita ce ɗalibin lissafi zai fi gamuwa da ita.

Take any number, say 7. Ɗauki kowace lamba, misali 7.
Say a car travels at 60 kilometres per hour. A ce mota tana gudun kilomita 60 a awa ɗaya.

A nan harsunan biyu sun yi tafiya tare, domin "a ce" ta Hausa daga "ce" ta fito, kuma aikin da take yi ke nan.

Ma'ana ta biyar tana buƙatar a tsaya a kanta, domin fuska biyu gare ta. Idan aka ce "He is said to be very rich", ana nufin wai mai arziki ne ƙwarai; mai maganar ya ji ne a bakin mutane, bai ɗauki alhakin gaskiyarta ba. Wajen yin aikin "wai", Turanci yakan nemi taimakon "they say" ko "it is said that". To amma a littattafan kimiyya da lissafi wannan gini ɗin wani aiki dabam yake yi.

A triangle is said to be isosceles if two of its sides are equal.
A solution is said to be saturated when it can dissolve no more solute at that temperature.

Babu "wai" a waɗannan jimloli. Suna ake raɗawa. Ta farko tana nufin alwatikar da ɓangarorinta biyu suka yi daidai a tsawo, ga sunan da ake kiran ta da shi. Ta biyu kuma tana nufin ruwan da ya ƙoshi, wanda ba zai ƙara narkar da gishiri ko sukarin da ake zuba masa ba a wannan zafin, ga sunansa. Ɗalibin da ya karanta su da ma'anar ji-ta-ji-ta zai ɗauka masana suna shakkar abin, alhali ma'ana ce aka ba shi wadda ake so ya riƙe daram. Fassarar da ta dace a nan ita ce "ana kiran".

Bayan waɗannan, kalmar takan zo a matsayin suna. "He has no say in the matter" daidai yake da "ba shi da ta cewa a maganar". "A saying" karin magana ne. "That is to say" na nufin "wato". "Hearsay" kuwa ita ce ji-ta-ji-ta, kuma kalma ce mai nauyi a kotu, domin Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta hana karɓar shaidar "an ce", sai a wuraren da doka ta keɓe.

Tsakanin "Say" da "Tell"

A nan ne mafi yawan kurakurai suke. Bambancin yana ga abin da kowace kalma take so ya biyo ta. "Say" tana neman maganar da aka yi. "Tell" tana neman mutumin da aka yi wa maganar.

Musa said that the bus had left.
Musa told me that the bus had left.

Idan ana son ambaton mai sauraro tare da "say", dole a sa "to" a gabansa: "Musa said to me". Ita kuwa "tell" ba ta son "to" a wannan gurbi, saboda haka "Musa told to me" kuskure ne, kamar yadda "Musa said me" yake kuskure.

Ɗalibi Bahaushe yana da mabuɗi a hannunsa wanda bai cika lura da shi ba. A Hausa ba a cewa "Musa ya gaya" a yi shiru. Mai sauraro zai tambaya, ya gaya wa wa? Dole a ce ya gaya mini, ya gaya wa Malam, ya gaya musu. Halin "tell" ke nan. "Ce" kuwa ba ta damu da wanda aka yi wa magana ba: ya ce zai zo, ta ce ba ta sani ba. Halin "say" ke nan. Inda matsalar take ɓullowa shi ne Hausa ta yarda a ce "ya ce mini", sai ɗalibi ya bi kalma bayan kalma ya samar da "he said me". Sannan akwai "faɗa", wadda take shiga gurbin duka biyun: ya faɗi gaskiya, ya faɗa mini. Wanda yake tunani da "faɗa" ba zai ga wurin da Turanci ya raba hanya ba. Dabarar ita ce, kafin ya rubuta, ya gwada jimlar a zuciyarsa da "gaya wa". In ta zauna, "tell" ce. In ba ta zauna ba, sai ya koma ga "say".

Wannan dabara tana da iyaka. Akwai wasu 'yan kalmomi da al'adar harshen ta ɗaure su da "tell" ko da ba a ambaci mai sauraro ba, kuma haddace su ake yi: "tell the truth", faɗin gaskiya; "tell a lie", yin ƙarya; "tell a story", ba da labari; "tell a joke", ba da labarin ban dariya; "tell the time", sanin ƙarfe nawa ta duban agogo. Haka nan "tell" takan ɗauki ma'anar ganewa ko bambancewa, wadda ta fi kusa da tsohuwar ma'anarta ta tantance abubuwa ɗaya-ɗaya.

Litmus paper helps us to tell an acid from a base. Takardar litmos tana taimakawa wajen bambance asid da kishiyarsa.

Aiki na ƙarshe da ya kamata a riƙe shi ne umarni. Idan likita ya umarci mara lafiya, ko malami ya umarci aji, "tell" ake sawa, sai mutumin, sai "to" da aikatau: "The doctor told her to rest". Idan hani ne, "not" tana zuwa kafin "to": "The teacher told us not to touch the acid".

"Speak" da "Talk"

Waɗannan biyun sun fi mai da hankali ga yin maganar kansa, ba ga abin da aka faɗa ba. Shi ya sa ba a bin su da "that" don kawo zancen wani. "He spoke that he was ill" kuskure ne.

"Speak" tana da nauyi da kamala. Ita ake sawa idan mutum ɗaya ya tashi yana jawabi gaban taro, ko ana neman magana da babba, ko a wayar tarho: "May I speak to the Principal?" Daga gare ta aka sami "speech", jawabi, da "Speaker", Kakakin Majalisa. Ita kaɗai ce kuma ake haɗawa da sunan harshe don nuna iya shi: "She speaks Hausa, Fulfulde and Arabic". A nan ma akwai tarko, domin Bahaushe cewa yake yi wane yana jin Larabci, wato ya jingina iya harshe ga kunne, Bature kuwa ya jingina shi ga baki. Saboda haka "I hear English" ba ta isar da abin da ake nufi. "I speak English" ko "I understand English" ake cewa.

"Talk" ita ce hira da tattaunawa, inda mutum biyu ko fiye suke musayar magana: "They talked about football for an hour". Idan ta zama suna a jam'i, wato "talks", tana nufin zaman tattaunawa tsakanin hukumomi ko ƙasashe, kamar "peace talks", zaman sulhu. Wanda ya tashi a inda ake Turancin buroka sai ya yi hattara, domin a can "talk" ta mamaye gurbin "say" da "tell", ana cewa "Wetin you talk?" da "Talk true". A daidaitaccen Turanci "What did you say?" da "Tell the truth" ake cewa.

Ruwaito Zancen Wani

Babban aikin "say" a rubutu shi ne ruwaito abin da wani ya faɗa, kuma hanya biyu ce. Ko dai a kawo kalmominsa yadda ya furta su, a sa waƙafi da alamar zancen wani, ko kuma a sake zuba maganar a bakin mai ruwaitowa. A hanya ta biyu ne Turanci da Hausa suka rabu.

Bahaushe yakan ce, Audu ya ce yana zuwa. Ko jiya Audu ya yi maganar, ko bara, "yana" ba ta canjawa. Wakilin suna kawai ya koma daga "ina" zuwa "yana". Dalili kuwa shi ne, Hausa ta fi lura da ko aiki ya kammala ko yana gudana a lokacin da ake zancensa. Turanci kuwa yana auna lokaci daga inda mai ruwaitowa yake tsaye. Don haka idan "said" ta buɗe jimla, aikatau da ke bayanta yakan ja da baya taki ɗaya.

Audu said, "I am coming." Audu said that he was coming.
Ladi said, "I will help." Ladi said that she would help.
They said, "We have finished." They said that they had finished.

Haka "can" take komawa "could", "may" ta koma "might". Kalmomin lokaci da wuri su ma sukan sauya idan lokacin ko wurin ya sauya: "today" ta zama "that day", "tomorrow" ta zama "the next day", "yesterday" ta zama "the day before", "here" ta zama "there".

Akwai togaciya wadda ta shafi ɗaliban kimiyya. Idan abin da aka faɗa gaskiya ce da ba ta gushewa, ana iya barin aikatau yadda yake: "The teacher said that pure water boils at 100 degrees Celsius at sea level". Ruwa bai daina tafasa a digiri 100 ba don malami ya gama magana.

Idan tambaya ake ruwaitowa, "say" takan ba "ask" wuri, jerin kalmomi ya koma irin na jimlar bayani, alamar tambaya kuma ta faɗi. "Where is the book?" takan zama "He asked where the book was".

Wani abin lura shi ne kalmar da take haɗa sassan biyu. A Hausa "cewa" ce, wadda ta samo asali daga "ce", har ta kai ana amfani da ita inda babu magana ko kaɗan, kamar a "ya san cewa" da "ya ga cewa". Masana harsuna sun lura da irin wannan a harsunan Afirka ta Yamma da dama, kamar "be" ta harshen Ewe na Gana da Togo, da "pe" ta Yarabanci. Turancin buroka ma hanyar da ya bi ke nan, shi ya sa ake jin "I know say" da "I hear say". Wannan tsari ne mai ƙa'idarsa, amma daidaitaccen Turanci bai bi shi ba. "That" ya ɗauka, wadda asalinta kalmar nuni ce. A takardar jarrabawa "I know that" ake rubutawa.

Shawara ga Malamai

Ba da ma'anar kalma ita kaɗai ba ya wadatarwa. Abin da ɗalibi yake buƙata shi ne ya ga abin da yake biyo bayanta. A kan wannan fahimta ce A. S. Hornby, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, ya gina ƙamusunsa na masu koyo, wanda aka fara bugawa a Tokyo a 1942, kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford kuma ya fitar da shi a 1948. Yana da kyau malami ya koya wa ɗalibai karanta misalan da ke ƙarƙashin kalma a irin wannan ƙamus, maimakon tsayawa ga layin farko. Zai kuma taimaka a kawo jarida aji, ɗalibai su ja layi ƙarƙashin kowace "said" da "told", su duba abin da ya biyo ta. Daga nan a nuna musu cewa musanya "said" da wata kalma yakan canja hukunci: "claimed" tana nuna shakka, "admitted" tana nuna amsa laifi, "said" kuwa ba ta ɗaukar ɓangare.

Gwaji

A cike guraben da kalmar da ta dace.

1. The nurse ____ him to take the tablets after meals.
2. What does the thermometer ____?
3. Can you ____ the difference between mass and weight?
4. My uncle ____ French very well.
5. He left without ____ goodbye.
6. A mayar da wannan jimla zuwa ruwaitaccen zance: Audu said, "I will return the book tomorrow."

Amsoshi: 1. told, 2. say, 3. tell, 4. speaks, 5. saying, 6. Audu said that he would return the book the next day.

Kammalawa

A taƙaice, "say" tana bin magana, "tell" tana bin mutum, "speak" ta fi dacewa da harshe da jawabi, "talk" kuma da hira. Ɗalibin da ya riƙe wannan, ya haddace 'yan kalmomin da suka fita daga ƙa'ida, ya kuma saba da ja da lokaci baya wajen ruwaito zance, ya toshe wata babbar kafa da maki yake zurarewa ta cikinta. Sauran aiki na yawan karatu ne da gwada rubutu, domin Hausawa sun ce yau da gobe ba ta bar komai ba.